Motar da Ta Shekara Uku a Tsakar Gidanmu

Mijina bakanike ne, kuma duk unguwarmu ba mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Kunne ake ce masa. Idan ka kawo masa mota ba ya tambayarka abin da ke damunta. Cewa zai yi ka tayar, ya karkata kai gefe guda, ya lumshe ido, can sai ya nuna wuri da yatsa ya ce nan ne. Kuma nan ɗin ne. Shekara ashirin da bakwai muna tare, ban taɓa ganin ya bar mota ta fita daga garejinsa tana wata ƙara ba, ko da mai ita zai yi ta rantsuwa cewa shi ba ya jin komai. Masu motoci suna yabonsa a kan haka. Ni da nake zaune da shi ban cika yabo ba, don mutumin da zai tashi ana tsakiyar cin abinci ya je ya ɗiga wa ƙofar banɗaki mai, zama da shi sai mai haƙuri.

Shekara uku da suka wuce mahaifiyarsa ta rasu. A shekararta ta ƙarshe ba ta taka coci ba ko sau ɗaya, saboda ciwon ƙafa. Cocinmu yana can ƙetaren gada, sai an hau motar haya biyu, kuma matakalar motocin nan ko ni sai na kama ƙarfe nake hawa. Mako biyu bayan jana'iza, ana cikin sujada, sai ga Kunne ya miƙe tsaye. Mutumin da ko amin ba ya faɗa da ƙarfi.

Ya ce, "Ubangiji ya ɗora min wani abu a zuciya, ya hana ni sakat. Tsofaffinmu suna zaune a gida ranar Lahadi. Ni zan riƙa ɗauko su."

Aka yi tafi. Fasto ya kira shi gaba ya ɗora masa hannu ya yi addu'a. Ni kuwa na yi kuka har da majina, ba zan ɓoye ba, don ranar na ji alfahari da shi kamar na haɗiye shi.

A watan nan ya sayo wata tsohuwar bas mai kujera goma sha huɗu, aka turo ta tsakar gidanmu. Ya sauke injin ya wanke shi ciki da waje. Ya sa sabon birki da sababbin tayoyi. Ya walda wata matakala ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa da ƙarfen kamawa, yadda tsohuwa za ta hau ba sai ta ɗaga ƙafa sosai ba. Ni tela ce, sai na ɗinka wa tagogin shuɗin labule. Cikin wata huɗu mota ta fito fes. Wata Asabar ya ɗauke ta gwaji, ya je coci ya dawo, ya ce min tafiyar minti ashirin da biyar ce. Amma da na dubi fuskarsa sai na ga ya ɗaure ta.

Na ce, "Baban yara, lafiya?"

Ya ce, "Akwai ƙara."

"Wace ƙara?"

"A baya, ta hagu. Ƙis, ƙis. Sai an hau kwalta mai gargada take fitowa."

Na shiga muka zaga tare. Na kasa kunne har kaina ya yi ciwo, ban ji komai ba sai kukan cikina. Ya ce ai ni ko tukunya na ƙonewa ba na ji. Ya ce mako ɗaya ya ishe shi ya gano ta.

Mako ɗayan nan shi ne ya zama shekara uku. Ya canza wannan, ya ɗaure wancan, ya kwance abin da ya ɗaure jiya. Sau uku yana kai ta wurin masu duba lafiyar motoci, sau uku suna cewa garau take, suna buga masa takarda. Kowace Asabar yana fita da ita ba kowa a ciki, ya dawo ya ce minti ashirin da biyar, kuma ƙara tana nan. Kajina suka sami inuwa a ƙarƙashinta. Ni ma na ga madubinta ya dace da shanya tsumma. Labulen da na ɗinka rana ta cinye shi har ya koma fari-fari.

Duk Lahadi a bakin ƙofar coci Fasto zai riƙe hannunsa ya ce, "Ɗan'uwa, yaya motar tamu?"

"Saura kaɗan, Fasto."

Na ɗauki maganar na mayar da ita tawa. Kunne ya tambayi abinci, saura kaɗan. Ya tambayi rigarsa da ke wurin guga, saura kaɗan. Yakan yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki. Tsofaffi bakwai ne ya yi wa alkawari. Biyu suka rasu, ɗaya 'yarsa ta ɗauke shi. A jana'izar biyun nan Kunne can baya ya tsaya, kuma duk ranar bai ci abincin kirki ba.

Cikin huɗun da suka rage akwai Goggo, ƙanwar mahaifinsa. Gidanta na biyar ne daga namu. Shekara arba'in tana jan waƙa a cocinmu kafin gwiwa ta kayar da ita. Da farko masu mota sukan biyo su ɗauke ta, daga baya aka fara mantawa, ita kuma Goggo ba ta roƙo. Har yau amarya take ce min, ga ni da jikoki biyu.

Wata ranar Alhamis na kai mata rigar da na rage wa wuya, ta zaunar da ni ta ce, "Amarya, ɗana zai zo ranar Litinin ya tafi da ni wurinsa. Ya ce na daina zaman kaɗaici. Garin da nisa, kuma na san idan na tafi ba dawowa zan yi ba. Ina so in zauna a bencina sau ɗaya kafin nan."

Na ce, "Goggo, ai wannan mai sauƙi ne. Ranar Lahadi sai mu ɗaukar miki tasi."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Tasi aka yi min alkawari a gaban ikkilisiya? In na hau tasi, sauran ukun fa, su hau iska? Ki gaya wa mijinki Lahadin nan ce."

Na gaya masa. Ya ce to. Na ɗauka magana ta ƙare. Ranar Asabar na dawo daga shago da yamma, me zan gani? Kujerun bas kusan duka a jere a tsakar gida, kamar za a yi taro. Kunne yana ciki a durƙushe yana ƙwanƙwasa daben motar da ƙaramar guduma, yana kara kunne.

Na ce, "Yau na ga ikon Allah. Gobe fa Lahadi!"

"Shi ya sa. Ba zan ɗauki Goggo a motar da ban san abin da ke kuka a cikinta ba. Yau sai na gano ta."

Bai gano ta ba. Duhu ya yi ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado, ya ce gobe a ɗaukar mata tasi, shi zai je ya ba ta haƙuri da kansa. Haushi ya cika ni har na kasa yi masa faɗa, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin haushi ke rufe min baki ba.

Da safe wajen ƙarfe bakwai na fito zan ɗora ruwan shayi, sai na ji tari daga cikin bas. Na leƙa. Goggo ce, cikin farar rigarta ta coci da ɗankwali mai ɗaurin nan nata na gefe, jaka a cinya, sanda a tsakanin ƙafafu. Kujera ɗaya tak ta rage a motar ban da ta direba, ta gaba kusa da ƙofa, kuma a kanta take zaune daram. Gida biyar ɗin nan ta tako su da kanta, ta ce rabin awa ta yi a hanya tana hutawa a kowace ƙofa.

Na ƙwala wa Kunne kira. Ya fito da burushin haƙori a baki, ya tsaya sororo.

"Goggo, ina kwana? Ai da kin jira, yanzu nake shirin zuwa wurinki..."

"Lafiya lau. Matakalar nan taka ta yi daɗin hawa, Allah ya yi maka albarka. Ƙarfe nawa za mu tashi?"

"Goggo, motar ba ta gama ba. Dubi kujeru a waje."

"Na gan su. Hannun da ya kwance su ya mutu ne?"

"Akwai ƙara a baya."

"Birki yana kamawa?"

"Yana kamawa."

"Taya za ta fita?"

"Haba, Goggo, ni na ɗaure ta."

"To ni ba zan sauka ba. Ko ka kai ni coci, ko ka je ka ɗauko cocin ka kawo min nan."

Kunne ya cire burushin, ya zauna a kan matakalar da ya walda, ya ba mu baya. Da ya yi magana muryarsa ta canza. Ya ce, "Goggo, tsoro nake ji. Motocin mutane in na gyara, masu su ke tuƙawa. Wannan ni zan tuƙa, kuma ku ne a ciki. In wani abu ya same ku a hannuna, ina zan sa kaina? Na ce bari in tabbata tukuna. Kullum in na kusa tabbata sai in ji ƙarar nan."

Shekara uku ina yi masa tsiya, ban taɓa tambayarsa ko tsoro yake ji ba. Kunya ta kama ni.

Goggo ta miƙa sandarta ta taɓa kafaɗarsa. Ta ce, "Ɗan nan, wanda ya kira ka bai san motar tana ƙara ba ne? Ni gwiwata ƙara take yi tun kafin ka auri amarya, kuma Ubangiji bai ajiye ni a gareji ba. Ka yi naka, ka yi shi da kyau, na gani. Abin da ya rage ba a hannunka yake ba, kuma ba zai taɓa zama a hannunka ba ko ka ƙara shekara goma. Juyo nan mu yi addu'a."

Addu'ar Goggo ba ta da tsawo. Ta ce, "Ubangiji Yesu, ga ɗanka, ga motarka, ga mu. Ka kai mu. Amin." Ta buɗe ido ta ce, "To, kujeru."

Ban taɓa ganin an ɗaura kujerun mota da sauri irin na ranar ba. Ni ina riƙe noti ta ƙasa, kwance a kan kwali da zanen cocina, shi yana ɗaurewa ta sama da sifana. Duk da saurin, sai da ya bi kowane noti sau biyu, ni kuma wannan karon ban yi masa tsiya ba. Muka kori kaji, na cire tsummana daga madubi. Ƙarfe tara saura kwata muka fita daga gida. Sujada ƙarfe tara ake farawa, a tashi sha ɗaya.

Kunne ya ce, "Minti ashirin da biyar ne. Za mu rasa waƙar farko kawai."

Nan ne lissafin bakanike ya watse. Shekara uku yana auna hanya da mota ba kowa a ciki, bai taɓa auna tsoho ba.

Gidan Hedimasta muka fara zuwa, tsohon shugaban makarantar da rabin ikkilisiya suka sha bulalarsa. Muka same shi da singileti yana sauraron rediyo. Da ya fahimci abin da ya kawo mu, sai ya miƙe ya ce ba zai shiga gaban Ubangiji da riga ba guga ba. Na karɓi dutsen guga na goge masa. Ya ɗaura laktaye a wuya ya kwance sau uku. Ya fito har bakin mota ya koma neman tabarau, ashe suna goshinsa.

Daga nan sai gidan Ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar yaran unguwa uku kafin ta yi ritaya. Tana ganin Goggo ta tagar mota ta saki guɗa. Amma tana da tukunya a wuta, tana da maganin da ake sha bayan an ci abinci, kuma ba ta ci ba. Muka jira ta ci burodi tana ba surukarta umarni da cikakken baki.

Na ƙarshe Baba Kafinta, wanda ya ƙera bencinan cocinmu da hannunsa. Shi a keken guragu yake. Sai da muka nemo maƙwabta biyu aka ɗaga shi aka zaunar, aka naɗe keken aka sa a baya. Yana zama ya shafa jikin kujerar ya ce aikin ƙarfe ba ya kai na katako, amma ba laifi.

Da muka hau kwalta mai gargadar nan, na ga kan Kunne ya fara karkata hagu. Goggo ma ta gani. Ta juya baya ta ɗaga murya.

"Jama'a, direba ya ce motar tana ƙara. Akwai mai ji?"

Hedimasta ya kara hannu a kunne ya ce, "Me ta ce?"

Ungozoma ta ce, "Ta ce ko kana jin ƙara!"

"Ni rabona da jin ƙara tun ina aiki."

Dariya ta kece a motar, har Baba Kafinta yana tari. Kunne ma ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Goggo ta ɗauko wata tsohuwar waƙar yabo, sauran suka karɓa, kowa da inda ya kama. Hedimasta yana gaba da baiti guda, Ungozoma tana baya, Baba Kafinta yana buga jikin mota. Idan akwai ƙis ƙis a ranar, ta sha kunya. Kan Kunne ya miƙe sosai, hannu biyu a sitiyari, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Masu babur suna yi mana hon suna wucewa. Kafin gada Baba Kafinta ya ce a tsaya zai kama ruwa, wannan ma ya ci minti goma sha biyar.

Muka shiga harabar coci ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Mutane suna ta fitowa, mata suna gyara goyo, masu kiɗa suna naɗe waya. An tashi.

Waƙa ta mutu a bakin kowa. Goggo ta dubi ƙofar cocin, ta gyara jakarta a cinya, ta ce a hankali, "Mun makara." Kunne ya kashe mota ya kifa goshi a kan sitiyari. Zuciyata ta karye, don na san gobe Litinin.

Sai wata mata mai goyo ta leƙo ta taga ta ƙwala ihu, "Mama ce! Jama'a, ga Mama Ungozoma!" Kafin ka ce me, an kewaye motar. Manyan mutane masu furfura suna rusunawa suna gaida Hedimasta kamar 'yan aji uku. 'Yan ƙungiyar mawaƙa suka ga Goggo suka hau tsalle. Fasto ya ratso taron, kwat ɗinsa a rataye a hannu. Ya dubi motar, ya dubi tsofaffin, ya dubi Kunne. Ya mayar da kwat ɗinsa ya ɓalla maɓalli.

Ya ɗaga murya ya ce, "Ina za ku? Kowa ya koma ciki."

Wani dattijo ya ce, "Fasto, ai an yi addu'ar rufewa."

"An yi, amma ba mu cika ba. Yanzu muka cika."

Haka aka juya. Samari suka ɗauki Baba Kafinta da kekensa sama. Yana isa benci na farko ya girgiza shi ya ce wane ne ya buga wa aikinsa ƙusa mai inci huɗu. Mata biyu suka riƙe Goggo har layi na uku kusa da taga, waɗanda suka saba zama a wurin suka matsa ba a ce musu komai ba. Ta zauna, ta shafa bencin da tafin hannu, ta rufe ido.

Fasto bai sake wa'azi ba. Ya ce Goggo ta ja mana waƙa. Ta miƙe da sanda, ta ɗauko, muryar ta tsinke a layi na biyu. Ta sake ɗaukowa ta sake tsinkewa. Sai ikkilisiya gaba ɗaya ta karɓe ta, aka ɗaga waƙar har rufin kwano yana amsawa, ita kuma ta tsaya tana kaɗa hannu tana dariya, hawaye yana bin kumatunta. Na waiga neman mijina. Yana tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinsa masu baƙin mai, ya ƙi shigowa wai zai ɓata benci. Na je na kamo hannunsa na jawo shi ciki. Ni ma ai zanena duk ƙasa ne.

Da muka mayar da kowa gida, Goggo ce ta ƙarshe. Kunne ya tsayar da mota daidai ƙofarta, ya zagayo ya riƙe ta ta sauko. Ba ta shiga gida ba. Ta tsaya ta dogara da sanda ta fara ba da umarni.

"Mako mai zuwa ƙarfe bakwai za ka fita. Ka fara da Kafinta, shi ne ɗaukarsa ke da aiki. Amarya, ki goge wa Hedimasta riga tun Asabar."

Kunne ya ce, "To, Goggo." Sai ya ƙara da cewa, "Sai dai ke ba kya nan."

"Na sani, ba don kaina nake faɗa ba. Akwai wata mata a bayan gidan burodi, ƙofa mai koren fenti. Shanyewar ɓarin jiki ta same ta bara, tun lokacin ba ta fita ba. Ita za ta zauna a kujerata. Na riga na ce mata ta shirya, za ka zo Lahadi mai zuwa ƙarfe bakwai da kwata."

Kunne ya dube ta. "Goggo, ai yau tun safe muna tare. Yaushe kika gaya mata?"

"Tun ranar Alhamis na aika mata."

Ranar Alhamis ɗin nan motar tana tsakar gida, kaji suna ƙarƙashinta. Kunne ya matso kusa da ita. Ya durƙusa nan a bakin titi, Goggo ta ɗora masa hannu a ka ta sa masa albarka. Da ya miƙe ya share ido da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatu, ya ce min in hau mu bi ta bayan gidan burodi ya ga ko motar za ta iya shiga lungun.